Mai Fensir: Tarihin Kokowar Garin Memfis

Da wuya a sami wanda bai taɓa tsayawa gaban talabijin ya kalli kokowar nan ta Amurka ba, wadda wasu ke kira kac, wasu kuma resilin. Ƙato ya ɗaga ƙato sama ya maka shi da ƙasa, wanda aka maka ya tashi ya karkaɗe jiki kamar ba a yi kome ba. Da an gama kallo sai gardama ta kaure. Wani ya ce gaske ne, ga jini kowa ya gani. Wani ya ce ƙarya ce, in da gaske ne da tuni an ɗauki gawa.

To, kowanensu yana da rabon gaskiya. Faɗuwar gaske ce, ciwon ma gaske ne. Amma wanda zai yi kaye da wanda za a kayar, an san su tun ba a buɗe ƙofa ba. A kokowarmu ta gargajiya, tun gasar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa cikin 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, ba mai sanin ƙarshen karo sai ya gani da idonsa. A can kuwa akwai mutum ɗaya da ke zaune da littafi yana rubuta wa zai kara da wa, wa zai ci, da kuma dalilin faɗan. Ƴan sana'ar suna ce masa mai littafi. Su kan kuma ce masa fensir, domin abin da ya rubuta yau yana iya gogewa gobe, ya ɗaukaka mutum ko ya shafe shi. Tarihin wanga mutum za mu duba, musamman a garin Memfis na jihar Tenesi, bakin kogin Misisipi.

Mafarin abin

Da fari kokowar Amurka ta fi kusa da gaske, sai dai gaskiyar ba ta da daɗin kallo. Ranar 4 ga Yuli 1916, a garin Omaha, Joe Stecher da Ed Lewis suka yi kusan awa 5 suna riƙe-riƙe, ba wanda ya kai wani ƙasa. Mutanen da suka biya kuɗinsu suka fusata, suka yi ta jifa da matasan zama.

Cikin shekarun 1920 shi Ed Lewis ɗin ya haɗa kai da mutum biyu, Billy Sandow da Toots Mondt. Suka ce tun da ƴan kallo ne ke kawo abinci, sai a ba su abin da zai hana su hamma. Suka yanke wa kowane karo lokaci. Suka shigo da ɗagawa da makawa da naushi. Babban abin da suka kawo shi ne jera karo bisa karo, yadda na yau zai haifi na gobe. Suka ɗauki ƴan kokowa aiki, suna yawo da su gari gari.

Shiri irin wanga yana tsaye ne bisa amana, amana kuwa ta kan karye. Cikin Janairu 1925 suka ɗora kambun duniya kan wani ƙato, Wayne Munn, tsohon ɗan ƙwallo wanda bai iya kokowa sosai ba. Cikin Afrilu aka haɗa shi da Stanislaus Zbyszko, wanda ya haura shekara 40, bisa cewa dattijon zai faɗi. Da aka shiga fage sai dattijo ya ƙi, ya danne Munn da gaske, ya tafi da kambu wajen abokan gaba. Daga nan masu sana'ar suka ɗauki darasi, suka daɗe ba su yarda su ba da kambu sai ga wanda zai iya kare kansa in an ci amana.

Rabon ƙasa

Cikin Yuli 1948 wasu iyayen fage suka taru a garin Waterloo na jihar Ayowa, suka kafa ƙungiyar da ake kira NWA. Suka raba ƙasa kamar yadda magada ke raba gona. Kowa da yankinsa, kada wani ya kafa fage a gonar wani. Wanda ya yi taurin kai, sauran su taru su karya shi, ɗan kokowar da ya yi masa aiki kuma ya rasa wurin ci. Sannu a hankali yankunan suka kai wajen 30, har da na Kanada da Meksiko da Japan.

Suka kuma yarda da sarkin kokowa guda ɗaya tak na duniya, wanda shugabannin ƙungiya ke zaɓe. Lou Thesz ya riƙe kambun daga 1949 zuwa 1956. Daga baya aka san cewa mai kambu ya kan ajiye dalar Amurka 25,000 jingina, don kada ya gudu da shi. Aikin sarki shi ne yawo. In ya sauka a yanki, sai a haɗa shi da gwanin wurin. Su yi minti 60 cur, gwanin gari ya kusa ci, sai ƙararrawa ta kaɗa, lokaci ya ƙare. Ko kuwa sarki ya yi laifi da gangan alƙali ya kore shi, kambu kuwa ba ya sake hannu ta wagga hanya. Sarki ya wuce gaba da kayansa, mutanen gari su koma gida suna cewa namu ya fi shi, sa'a ce kawai ya yi. Wata shida in ya dawo, sai zaure ya sake cika.

Baƙon da ya buɗe ƙofa

Wajen 1959 wani ɗan kokowa farar fata mai suna Sputnik Monroe ya yi tashe a Memfis. Shi da kansa ya riƙa ba da labarin sunan. Ya ce cikin 1957, a jihar Alabama, wata tsohuwa ta gan shi ya rungumo wani baƙar fata, ta rasa zagin da za ta yi masa, sai ta kira shi da sunan tauraron da Rasha ta harba sama a shekaran nan. A wajenta ba abin da ya kai wannan muni.

A fage Monroe mugu ne, mai fankama da cika baki. Cikin Agusta 1959 karonsa da Billy Wicks, ɗan kirkin gari, ya tara mutum fiye da 13,000 a filin ƙwallo. Amma zamanin nan na wariyar launin fata ne. A babban zauren Ellis, inda ake kokowa, baƙar fata ba su da wurin zama sai wani ɗan lungu can ƙololuwar bene. Monroe kuwa a unguwarsu yake hira, a titin Beale yake cin abinci. Cikin 1960 ƴan sanda suka kama shi don ya zauna a gidan shayin baƙar fata. Ya zo gaban alƙali da lauya baƙar fata, ya biya tara, ya koma inda aka kama shi.

Manyan gari farar fata suka ƙi jininsa, baƙar fata suka ɗauke shi nasu. Suka riƙa zuwa kallonsa har lungun bene ya kasa ɗaukarsu, wasu suna tsaye a waje da kuɗinsu a hannu. Monroe ya ce wa masu fage ba zai sake shiga ba sai an bar mutanensa su zauna inda suka ga dama. Masu fage suka dubi kujerun da ba kowa a ƙasa, suka dubi taron da ke waje, suka yarda. Ba tausayi ya motsa su ba, lissafi ne. Duk da haka zauren kokowa yana cikin wuraren taro na farko da aka daina raba mutane a Memfis. Ku duba fa, karon shiri ne, amma kujerar da talaka ya samu ta gaske ce.

Mako guda a hannun mai fensir

Mutumin da ya fi kowa suna a riƙon littafin Memfis shi ne Jerry Jarrett. An haife shi cikin 1942. Uwarsa mai sayar da tikiti ce a ofishin Nick Gulas da Roy Welch, masu yankin Tenesi, shi kuma tun yana yaro yake tallan takardar jerin karo a bakin ƙofa. Ya yi alƙalanci, ya yi kokowa, sa'an nan aka ba shi fensir. Cikin 1977 ya rabu da Gulas, ya kafa nasa, mafi yawan gwanaye suka bi shi.

Ga wuyar aikin. Mai wasan da ke yawo ƙasa ƙasa yana iya nuna abu ɗaya kullum, gama kullum sababbin idanu ke kallonsa. Mai fensir na yanki kuwa mutanensa ɗaya ne. Kowace Litinin da dare, mako 52 a shekara, ana so ma'aikacin da ya zo makon jiya ya sake ciro kuɗi daga aljihunsa ya shiga babban zauren Mid-South Coliseum, mai ɗaukar mutum wajen 11,000. Talata ƴan kokowa suna Luwibil, tafiyar kilomita 600. Laraba suna Ebansbil. Asabar da dare suna Nashbil. Da motocinsu suke tafiya, su ke sayen mai, ladansu kuwa kaso ne daga abin da ƙofa ta kawo. In labarin mai fensir bai yi armashi ba, gidaje da yawa za su kwana da yunwa.

Makamin mai fensir shi ne talabijin. Kowace Asabar da hantsi ana nuna shiri na minti 90 kai tsaye daga wani ƙaramin ɗaki, Lance Russell yana riƙe da abin magana. Russell mutum ne mai natsuwa, kamar dattijon unguwa. In mugu ya yi ɓarna sai ya girgiza kai don takaici, mai kallo a gida ya ji ransa ya ɓaci tare da shi. A nan ƴan kokowa ke kirari, su zagi juna, a yi cin amana, a tsaga wa wani riga. Amma babban karo ba a nuna shi kyauta. Talabijin ɗanɗano ne, irin wanda mai ƙilishi ke miƙa maka a kasuwa. Mai son ƙoshi sai ya zo Litinin da kuɗinsa. Bayan haka a aika da kaset ɗin sauran garuruwa, labarin ya iske su bayan mako guda, a sake yin karon da aka yi a Memfis.

Ƴan sana'ar sun raba kansu gida biyu, ƴan kirki da mugaye. Mai fensir ya kan fara tunani daga ƙarshe. Ya sa ranar da ɗan kirki zai rama, sa'an nan ya ƙirgo makonni baya, yana tsara wulaƙancin da za a yi masa kafin ranar. In aka rama da wuri, labari ya mutu. In aka ja shi ainun, mutane su gaji. Saboda haka ƙarshen kowane karo tilas ya bar ƙofa a buɗe. Yau mugu ya ci da sarƙa ɓoye cikin wando, alƙali bai gani ba. Mako mai zuwa sai a ce an kawo alƙali biyu. Ranar kuma mugu ya tsere daga fage. To, sai a ce za a kewaye fage da keji, ba mafita. Kowace dabara tasa ita ke haifar da sharaɗin karo na gaba.

Abin da mai fensir ke faɗa wa ƴan kokowa kaɗan ne: ga wanda zai ci, ga yadda za a ƙare, ga yawan minti. Sauran su ke shirya shi a cikin fage, suna raɗa wa juna, suna sauraren ihun jama'a. Galibi mugu ke jan ragama. In ya ji taro ya yi sanyi sai ya ƙara zalunci, in ya ji an kai wuya sai ya ba ɗan kirki dama ya farfaɗo.

Sarkin Memfis

Jarrett ya yi imani cewa kambu kaɗai ba ya cika zaure. Abin da ke cika shi rigima ce ta tsakanin mutum da mutum, irin wadda kowa ya sani a gidansa: yaro ya raina ubangidansa, aboki ya ci amanar aboki, baƙo ya zagi gari. A kan wanga tunani ya gina Jerry Lawler.

Lawler haifaffen Memfis ne, cikin 1949. Mai zane ne tun yana lakwal, zanensa na ƴan kokowa ne ma ya fara kai sunansa talabijin. Jackie Fargo, gwanin gari na lokacin, shi ya jawo shi cikin sana'a. Cikin 1974 aka shirya yaro ya tasar wa ubangidansa, ya kayar da shi, ya naɗa kansa sarki, har da kambun zinariya a ka. Mutane suka ƙi shi shekaru, sa'an nan ƙiyayya ta juye ta zama so.

Cikin 1977 aka haɗa shi da Bill Dundee, gajere mai zafin nama, wanda ya taso a Ostareliya. Suka yi ta karawa Litinin bayan Litinin, kowane mako ana ƙara abin da aka sa a caca. Aka sa kambu, aka sa kuɗi, aka sa motar Lawler ƙirar Cadillac. Aka sa gashin kai, Dundee ya faɗi, aka aske shi a gaban jama'a. Da ba sauran abin da zai sa, sai ya sa gashin matarsa. Ya sake faɗi, aka aske ta. Askin nan ba shiri ba ne, da kai ƙwal ta koma gida.

Mai fensir na ƙwarai ya kan mai da asara ta zama jari. Cikin 1979 ƴan kokowa da yawa suka bar yankin, ciniki ya faɗi. Sai Jarrett ya shirya faɗa a ƙaramin garin Tupelo, wanda ya fita daga fage ya faɗa rumfar masu sayar da abinci, ana jifa da kwanoni da tsintsiya da miya. Da aka nuna hoton a talabijin, mutane suka ce lalle wannan ya fi ƙarfin shiri, suka fara dawowa. Farkon 1980 kuma Lawler ya karye a ƙafa da gaske wajen wasan ƙwallo. Gwani ya kwanta kusan shekara. Sai aka sa ɗan rakiyarsa Jimmy Hart, tsohon mawaƙi mai bakin tsiya, ya fito talabijin ya kwatanta shi da dokin sukuwa da ya karye, wanda ba shi da sauran amfani. Mutane suka yi ta jiran ranar da sarki zai miƙe. Da ya dawo a ƙarshen shekara zaure ya cika maƙil, Hart kuma ya yi ta kawo masa ƙatti ɗaya bayan ɗaya har shekara huɗu.

Ko tafiyar ɗan kokowa labari ce. In fuskarsa ta gundure mutane, sai a shirya karon da wanda ya faɗi zai bar gari. Haka aka yi wa Dundee cikin 1983, ba a daɗe ba ya zama mai fensir a yankin Luwiziyana. Shi ma fensir ɗin ba a bar shi hannu ɗaya. Jarrett da Lawler su kan karɓi littafi bi da bi, wajen wata shida shida, don kada tunanin mutum ɗaya ya ƙafe.

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba

Duk wanga gini yana tsaye bisa rufin asiri, wanda suke kira kefeb. Ɗan kirki da mugu ba su shiga mota ɗaya, ba su cin abinci wuri ɗaya. A zaure da yawa ɗakin sa kayansu dabam dabam ne, alƙalin wasa ke kai saƙo tsakani. Wasu ko matansu ba su faɗa wa ba. Jinin da ake gani kuwa nasu ne, da ɗan guntun reza suke tsaga goshi a ɓoye.

Ranar 4 ga Oktoba 1975 wani ƙaramin jirgin sama ya faɗi a Karolina ta Arewa da ƴan kokowa a ciki. Ric Flair ya karye a baya, Johnny Valentine bai sake kokowa ba. A cikin jirgin akwai Tim Woods, ɗan kirki, tare da mugayen da ake cewa abokan gabansa ne. A asibiti ya ba da sunansa na yanka, wanda ƴan kallo ba su sani ba. Da jita-jita ta tashi, ya koma fage bayan mako biyu da ciwo a jikinsa, don a ce ba ya cikin jirgin.

A Luwiziyana, cikin 1980, Bill Watts ya shirya cewa mugaye sun shafa wa Junkyard Dog, gwanin baƙar fata, wani mai a ido ya makance. Aka ce an haifa masa ɗiya bai iya ganinta ba. Shi kuwa ya lazimci gida, in zai fita sai da ido a ɗaure. Talakawa suka riƙa aiko masa da kuɗi cikin wasiƙa. Ranar ramuwa, cikin Agusta, mutum fiye da 25,000 suka taru a Niyu Orliyans. A nan dole mu tsaya mu yi tambaya: kuɗin da matalauci ya aika don tausayin makantar da ba ta auku ba, halalin wa ne? Rufin asirin da ya ciyar da ƴan kokowa, shi ne kuma ya ci amanar masu sonsu. Su ma bai bar su lafiya ba. Cikin 1976 wani tsoho ɗan kallo ya daɓa wa mugun nan Ole Anderson wuƙa a Karolina ta Kudu, ya kusa kashe shi.

Ɗan wasan birni da ɗan gari

Labarin Memfis da ya fi kowane nisa shi ne na Andy Kaufman. Shi ɗan wasan ban dariya ne na talabijin, sananne a Amurka duka, siriri, ba ƙarfi. Ya ƙirƙiro kokowa da mata, yana cika baki. Ya so shiga sana'ar sosai, mai fagen Niyok ya ƙi shi, Memfis ta karɓe shi. Ya riƙa aiko da hotuna yana kwaikwayon maganar mutanen kudu, yana nuna musu sabulu wai yana koya musu wanka. Gari ya ɗauki zafi.

Ranar 5 ga Afrilu 1982 ya shiga fage da Lawler. Akwai wani kaye da ake juya mutum kai ƙasa a dasa shi. A Memfis an daɗe da haramta shi, haramcin nan kuwa dabara ce, don duk ranar da aka yi shi mutane su tsorata. Lawler ya dasa Kaufman har sau biyu. Alƙali ya ba Kaufman nasara, motar asibiti ta ɗauke shi, ya kwana uku a gado, ya yi watanni da abin ɗaurin wuya. Ranar 28 ga Yuli aka gayyace su shirin hira na David Letterman, wanda ƙasa duka ke kallo. Lawler ya kwaɗa masa mari har ya faɗo daga kujera. Jaridu suka ɗauka, mutane suka yi ta gardama irin tamu.

Kaufman ya rasu cikin Mayu 1984 da ciwon daji na huhu, yana da shekara 35, bai tona ba. Sai cikin 1995 aka bayyana wa duniya cewa su biyu suka shirya abin, kuma abokai ne.

Faɗuwar shinge

Iyakar kowane yanki ita ce iyakar inda talabijin ɗin garin ke kaiwa. Mutumin Memfis bai san cewa mugun da aka kora daga garinsa ya zama ɗan kirki a Teksas ba. Da talabijin mai bin waya da tauraron ɗan adam ya yaɗu, daga ƙarshen shekarun 1970, sai shinge ya faɗi.

Cikin 1982 Vince McMahon ya sayi yankin Niyok daga hannun ubansa. Bai kula da rabon gona na 1948 ba. Ya sayi lokaci a tashoshin garuruwan wasu, ya janye gwanayensu da albashi mai tsoka. Hulk Hogan ya ɗauki kambunsa cikin Janairu 1984. Jimmy Hart ma ya bar Memfis ya bi shi cikin 1985, shekarar da aka yi WrestleMania na farko. Yankuna suka yi ta mutuwa. Watts ya sayar da nasa cikin 1987, na Karolina ya koma hannun Ted Turner cikin 1988. Cikin Fabrairu 1989 kamfanin McMahon ya faɗa wa ƴan majalisar jihar Niyu Jasi a fili cewa abin da suke yi wasa ne na nishaɗi, don ya kuɓuta daga dokoki da harajin hukumar wasanni. Asirin da Tim Woods ya tashi daga gadon asibiti don ya rufe, sai ga shi an tona shi don ragin haraji.

Memfis ta fi saura daɗewa, gama ba ta saba kashe kuɗi da yawa ba, kuma sarkinta ɗan gari ne. Duk da haka kamfanin ya rufe cikin 1997. An kulle Mid-South Coliseum cikin 2006. Lance Russell ya rasu cikin 2017, Jerry Jarrett cikin 2023.

Abin mamaki, tona asiri bai kashe kallon ba. Ashe da yawa daga masu zuwa ran Litinin sun daɗe da zargi, amma suka zaɓi su shiga labarin, kamar yadda yaro ya san Gizo ba ya magana amma ba ya yarda a tashi sai an kai ƙurunƙus. Abin da ya ɓace shi ne kusanci. Da can mai fensir yana tsaye a bayan labule yana jin ihun maƙwabtansa, in abu bai karɓu ba ran Litinin, kafin Asabar ya goge ya sake. Gwanin gari kuma ana gamuwa da shi a kasuwa.

Saboda haka, ƴan'uwa, in gardamar gaske ko ƙarya ta sake tashi a gaban talabijin, ku bar ta, an riga an raba ta tun 1989. Ku duba wa aka wulaƙanta yau, wa aka hana ramawa, da abin da aka bari ba a ƙarasa ba don ku dawo mako mai zuwa. A nan za ku ga sawun mai fensir.